Man Shanu a Wuƙar Baba

Ni ba na iya ganin abu da dauɗa in wuce. Tun ina ƙarama ake yi mini tsiya da wannan hali, har na yi aure na koma Jega, na fara koyarwa a makaranta, ban bari ba. Idan na je gida Sabiyal gaishe da Baba, kafin in ajiye jaka idona ya riga ya faɗa kan tukunyar da ba a kankare gindinta ba. Matar yayana takan ce zuwana hutu ne ga kwanuka, wahala ga mutanen gida. Wannan halin ne ya kusa zaunar da mahaifina a zaure har ƙarshen ransa, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Baba manomin albasa ne. Shekara uku kafin abin da zan faɗa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo daidai, ƙafa ma ta dawo ko da yake yana ɗan janta, amma hannun hagu bai dawo ba. Yana nan a rataye, ko allura aka soka masa ba ya ji. Huɗa da ban ruwa suka koma hannun yayana. Aiki guda ya rage wa Baba, kuma ya riƙe shi gam. Idan an cire albasa an tara, sai ya zauna a gindin tulin, ya danne kan albasar da babban yatsan ƙafa, ya yanke lawashin da hannun dama. Yana da sauri a haka fiye da yadda mutum zai zata. Wannan aikin ne ke fitar da shi fadama kullum, ya yi faɗa, ya yi gyara, a san har yanzu da mai gona.

Matsalar ita ce wuƙarsa. Irin ta mutanen da ce, mai kube, wadda ake ɗaurawa a damtsen hagu. Wata rana ya zo mayar da ita, ya kuskure bakin kuben, tsinin ya shiga naman damtsen. Bai ji komai ba. Sai da jini ya jiƙa masa riga har ya sauko gwiwar hannu sannan wani ya lura. Ranar yayana ya karɓe wuƙar ya kulle ta a akwati, kuma ban ga laifinsa ba. Amma gidan ya yi kwana da kwanaki babu daɗi.

Wanda ya fitar da mu wani direba ne ɗan Maiyama, wanda ya daɗe yana ɗaukar albasarmu zuwa kudu. Da ya dawo daga wata tafiya sai ya kawo wa Baba wata wuƙa mai naɗewa, baƙa, tsawonta a rufe bai wuce tafin hannu ba. A bayanta akwai ɗan kunne na ƙarfe. Da ka taɓa shi da manuniya ka ɗan danna, sai wani abu a ciki ya karɓi aikin, ya cilla bakin wuƙar waje, ta tsaya ƙyam. Wajen rufewa kuma sai ka ture wani ɗan ƙarfe da babban yatsa, ka danna bayanta a cinya, ta koma gidanta. Tana da maƙali da ake maƙala ta a bakin aljihu. Hannu ɗaya ya isa komai. Yayana ya juya ta, ya gwada, ya ce wannan kam ba ya da ja. Baba ya koma fadama, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai an nuna masa yadda take buɗewa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ta yi masa kaka biyu lafiya lau. A ta uku ne na je gida a farkon cirar albasa, na same ta a kan tabarma Baba yana alwala. Na ɗauka na duba, raina ya ɓaci. Ruwan albasa ya bushe a jikinta ya yi danƙo, ƙasa ta cika kowane lungu, bakin ya yi dabbare-dabbare. Na ce a raina gida cike da mutane, a rasa mai wanke wa tsoho wuƙa.

Na yi mata abin da na ga uwata tana yi wa kowace wuƙa a gidanmu. Na ɗebo toka a murhu, na haɗa da ɗan yashi mai laushi, na dirje ta da soso ciki da waje har ta yi ƙyalli. Na ɗauraye. Sannan na lakato man shanu, irin wanda matan Fulani ke kawo mana, na shafe ta. A wurinmu ƙarfen da ake so ya daɗe man shanu ake ba shi, kowa ya san haka. Ban tsaya a baki ba, na ce ai mahaɗar ce ke aiki, ita ta fi buƙata. Na sa tsinken tsintsiya na dinga cusa man a cikin tsagar har ya daina shiga. Rana ta narkar da shi, na gwada, ta buɗe sumul. Na kai wa Baba ina jin kaina, ya sa mini albarka, washegari na koma Jega.

Bayan kamar mako biyu matar yayana ta kira ni. Ta ce Baba ya bar zuwa fadama kwana huɗu ke nan, ga aiki ya yi tsanani, shi kuwa yana zaure ba ya ko son magana. Ta ce an kai shi an auna jininsa, aka ce bai hau ba, shi kuma ya ce abin awon bai taɓa riƙe wuƙa ba. Ban gane abin da yake nufi ba sai da na je.

Na same shi zaune, ya ɗora hannun dama a cinya, yana dunƙule shi yana buɗewa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce, "Na dama na za shi bin ɗan'uwanai."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya zaro wuƙar daga aljihu ya danna kunnen. Bakin ya leƙo kaɗan ya tsaya. Ya sake dannawa da ƙarfi har jijiyar hannunsa ta tashi, ta fito rabi ta maƙale.

"Kin gani. Kullum ƙara nauyi takai. Shekaranjiya ta hi jiya sauƙi, jiya ta hi yau. Haka na hagu yas soma, buta ta hwara yi min nauyi, ban gaya ma kowa ba."

Sai a lokacin na ji daga bakin yayana cewa Baba ya riga ya kira shi, ya nuna masa inda ya adana irin albasa, ya gaya masa wane fangali na gonar fadama za a bar wa wa. Mutumin da ko ranar da ciwo ya kayar da shi bai yi irin wannan magana ba.

Na karɓi wuƙar na gwada. Ni ma ta ƙi ni, kuma na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras a ciki. Na ce, "Baba, ga shi ni ma ta ƙi. Wuƙar ce."

Ya ce, "Ke dai kina son ki kwantar min da hankali. Ba yayanki shi gwada."

Yayana ƙato ne, hannunsa ya saba da garma. Ya danna kunnen tare da wurga hannu, ta buɗe. Bai yi da wata manufa ba, an ce ya gwada ne ya gwada. Amma na ga fuskar Baba a lokacin, kuma na so in shaƙe yayana.

"Wuƙa lahiyatta lau," in ji Baba.

Na kai ta hanci na shinshina, warin tsohon man shanu ya buge ni. Nan na gane aikina ne. Na durƙusa na gaya masa komai, tokar, yashin, man da na cusa da tsinke. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji daɗi. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ɗiyata, man shanu bai taɓa ɓata ƙarhe ba. Da shi ubana ka shahe tashi, da shi nika shahe tawa shekara hamsin. Bar ɗora ma kanki laihi."

Babu abin da ban faɗa ba, bai saurare ni ba. Na gane cewa magana ba za ta yi ba. Sai ranar da wuƙar nan ta buɗe a hannunsa yadda ta saba sannan zai yarda da hannun. Na roƙe shi ya ba ni ita kwana biyu. Ya miƙo mini ba tare da ya kalle ta ba, ya ce in na ga dama in riƙe.

Wurin da na fara zuwa ƙauyen Jiga Makera ne, wurin kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya tsufa a maƙera. Na same shi yana gyaran lauje. Bayan gaisuwa na ba shi wuƙar na faɗa masa abin da ake ciki. Ya goge hannu a zane, ya danna, ya kai ta kunnensa ya sake dannawa a hankali, yana saurare.

"Akwai ƙasa ciki, tana kuka," ya ce. "Kuma akwai wani ɗan ƙarhe mai tsalle, shi ka tura ta."

Na ce to ya sa ta a wuta mana man ya narke ya fita, ko ya buga ƙusoshin ya buɗe ta. Ni a lokacin sauri nake yi, komai aka ce zai yi zan yarda.

Ya dube ni ta saman ido. "Ke har yanzu ba ki bar gaggawa ba. In nis sa ta wuta, ɗan ƙarhen ga na mutuwa, ba shi ƙara tsalle har abada. In nib buga guduma, in hwasa marikin. Wagga ba aikin maƙera ba ta." Ya nuna mini kan ƙusoshin, kowanne da rami mai kamar tauraro. "Kwance su akai, ba bugu ba. Ki koma Jega ki biɗi mai gyaran keken ɗumki. Su as suka saba da ƙananan ƙarahuna masu son mai kaɗan."

Na fita ina jin haushinsa, ina cewa na ɓata kuɗin mashin a banza. Daga baya na gane cewa mutumin da ya shekara sittin yana sarrafa ƙarfe, ya iya cewa wannan ba nawa ba ne a gaban ɗiyar ƙanwarsa, shi ne ya fara ceton wuƙar. Da ya biye mini, da a ranar an gama da ita.

Washegari bayan na tashi daga makaranta na shiga kasuwar Jega, layin teloli. Aka nuna mini wata 'yar rumfa a ƙarshen layin, cike da kawunan tsofaffin kekuna a jere a kan katako. Mai rumfar dattijo ne siriri, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Yana cikin haɗa wani keke, bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure abin da yake ɗaurewa. Na ba shi wuƙar. Ya ce shi bai taɓa gyara irinta ba, amma zai duba.

Bai yi saurin kwance ta ba. Ya fara duba ko akwai wani makulli da ya danne ta, babu. Ya buɗe ta da hannu biyu, ya girgiza bakin hagu da dama ya ji ko yana rawa. Ya ɗaga ta sama ya leƙa tsagar a hasken rana. Sannan ya shinshina.

"Malama, man shanu na wanga?"

Na ce shi ne. Na ƙara da cewa da toka, da yashi.

Bai yi dariya sosai ba, kafaɗarsa ce kawai ta motsa. Ya ce ba ni ce ta farko ba, rabin kekunan da ke rumfar man gyaɗa ne ya kawo su. Ya yi mini bayani cewa wuƙar kube ƙarfe ɗaya ce, babu abin da ke juyawa a jikinta, ko me ka shafa mata ba ta damu ba. Wannan kuwa 'yar na'ura ce. Tokar da yashin sun shige ciki ba su fita da ɗauraya ba, man ya riƙe su, sannan kullum ƙurar fadama da ruwan albasa suna ƙaruwa a kai. Shi ya sa ba ta tsaya rana ɗaya ba, ta dinga nauyi kaɗan-kaɗan. Da na ji haka sai na ga dalilin da Baba ya zargi hannunsa, domin kowa a matsayinsa abin da zai zata ke nan.

Ba shi da abin kwance ƙusa mai bakin tauraro, sai ya tashi ya aro wurin mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ya naɗe kaifin da salatif. Ya ce zai kwance ta a buɗe, domin yana jin ɗan ƙarfen cikin a ɗame yake idan tana rufe, kada ya yi tsalle ya ɓace a cikin kasuwa. Duk ƙusar da ya cire sai ya ajiye ta a jere, kuma duk abin da ya ɗaga sai ya ɗauki hotonsa da waya kafin ya taɓa na gaba. Ni ina tsaye ina sauya ƙafa. Sau biyu ya ce in zauna, a na uku na zauna.

Da ya ɗaga gefen mariƙin na ga aikina. Baƙin abu ne cunkus, kamar daddawar da aka kwaɓa, ga wari. Ya cika ramin da ɗan ƙarfen ke kwance, ya lulluɓe wasu 'yan zobba biyu sirara na tagulla da bakin wuƙar ke juyawa a tsakaninsu. Ɗan ƙarfen kansa bai fi waya kauri ba, a lanƙwashe, har ya fara tsatsa a gefe ɗaya. Mai gyaran ya ɗaga shi da hantsaki ya juya shi a hankali. Ya ce an yi sa'a bai tsage ba, domin da ya karye babu inda za a samu irinsa a nan.

Ya zuba kananzir a gwangwanin tumatir ya jefa ƙarafunan ciki. Ya dinga fito da su ɗaya-ɗaya yana gogewa da tsohon buroshin haƙori. Lungunan da buroshi bai kai ba ya bi su da tsinke da ɗan auduga a kai. Kananzir ɗin ya koma baƙi, ya zubar ya sake sabo. Tsatsar ya goge ta da samfefa mafi laushi, sannu-sannu, yana tsayawa yana shafawa da yatsa. Zobban nan biyu da na zaci baƙaƙe ne ashe jajaye ne. Ya shanya komai a bakin rumfa har suka bushe. Aka kira la'asar ya tafi ya yi salla ya dawo, ni ma na yi a shagon wata tela.

Wajen sa mai ne na ji kunya ta gaske. Ya ɗauko 'yar kwalbar man keke, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ya baza da yatsa. Ramin ɗan ƙarfen ya lakata masa giris wanda bai fi kan ashana ba. Shi ke nan. Ni kuwa na tura mata abin da ya kai cokali.

Ya haɗa ta yana duba hotunan, ya cire salatif, ya danna kunnen. Ta fito rabi ta tsaya. Na ce, "Malam, ba ta yi ba." Ya ce in yi haƙuri, ƙusar tsakiya ce ya ɗaure da yawa. Ya sassauta ta. Wannan karon ta buɗe, amma da ya rufe sai bakin ya karkata yana gugar gefe. Ya ɗan ƙara ɗaurewa, abin da ido ba zai gani ba. Ya rufe, ya leƙa ya ga bakin ya zauna a tsakiya, ya taɓa kunnen. Ta yi ƙas ta tsaya, irin ƙarar da na sani a zauren gidanmu.

Na karɓa na gwada, ta buɗe mini. Maimakon in yi murna sai wani tsoro ya kama ni wanda ban yi tunaninsa ba sai a lokacin. Idan fa na kai ta, ta ƙi buɗewa a hannun Baba? Idan fa abu biyu ne suka haɗu, ƙasa a wuƙa da ciwo a hannu? Sai na gaya wa mai gyaran labarin duka, na roƙe shi ya ƙara sassauta ta, yadda ko hura mata iska aka yi za ta buɗe.

Ya cire tabarau ya goge. "A'a, Malama. In nis sake ta yadda kika so, tana buɗewa cikin aljihunai, ga shi kin ce hannu guda ba shi jin komi. Kuma in hannun na da gaske, ba gwamma ku sani yau ku kai shi asibiti ba? Na mai da ta yadda anka yi ta. Haka za ki kai mai."

Na yi ta magiya, har na ɗan ɗaga murya. Bai sake ɗaukar abin kwancewar ba, ya ma tashi ya mayar wa mai shi. Ya dawo ya ba ni sauran man keken a 'yar kwalbar. Ya ce a riƙa goge ta da tsumma duk ranar da ta yanki albasa, a hure ƙasar, a bar ta ta bushe a buɗe, ɗigo ɗaya na mai a wata ya ishe ta. Toka da man shanu kuwa a bar wa wuƙar kicin. Na fita ban ko yi masa godiyar kirki ba saboda haushi. Bayan kaka na koma na kai masa albasa da gabu, wato busasshen lawashi, na yi godiyar da ta kamata. Har yau in na bi layin telolin sai na leƙa mun gaisa, kuma ba na manta shi a addu'a. Da ya ji tausayina ya yi abin da na roƙa, da ni kaina ba zan yarda da abin da zan gani a gida ba.

Washegari Asabar na hau kabu-kabu tun da hantsi. Wuƙar tana cikin jakata a naɗe da hankici, na riƙe jakar a ƙirji har muka isa. Ta gefen fadama muka bi, na hango mutane a duƙe da tulin albasa ja a ko'ina, har da namu, lawashin bai ko kai rabi ba wajen yankewa.

Baba yana zaure inda na bar shi. Yayana ya dawo shan ruwa, yana tsaye a ƙofa. Na gaishe su, na kwance hankicin na ajiye wuƙar a kan tabarma kusa da hannun Baba na dama. Na ce, "Baba, a gwada."

Ya ce, "Sau nawa za ni gwadawa?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Lokacin da ya ɗauka, na kawar da kaina, sannan na kasa, na sake dubawa. Ya gyara riƙo, ya ɗora manuniya a kan kunnen, ya tattaro ƙarfinsa kamar yadda ya saba yi a kwanakin nan. Bai ko kai ga dannawa sosai ba ta yi ƙas, har ya ɗan zabura.

Ya ture ƙarfen da babban yatsa, ya rufe ta a cinya, ya sake buɗewa. Ya yi haka ya kai sau shida. Sannan ya ɗago ya dube ni da idon tuhuma.

"Kin sa anka sassauta ta don ni."

Na ce, "Na roƙa, Baba. Har faɗa na yi. Mutumin ya ƙi, ya ce yadda aka ƙera ta haka zai bar ta."

Ya girgiza bakin wuƙar da yatsa ya ji babu rawa. Ya rufe ya juya ta ƙasa ya kaɗa, ba ta buɗe ba. Ya maƙala ta a aljihu. Sai ya ɗaga hannun daman a gabansa, ya juya shi ciki da baya yana dubawa.

"Miƙo hannunki," ya ce.

Na miƙa. Ya kama ya matse. Tafinsa kaushi ne kamar yadda na san shi, kuma ya dinga ƙara ƙarfi har yatsuna suka haɗe, zobena ya nutse a nama.

"Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"Da zahi?"

Na ce, "Da zafi sosai." Hawaye suna zubo mini, ban janye hannun ba, kuma ban so ya saki ba.

Yana riƙe da ni ya juya wurin yayana ya ce, "Kai, kana nan tsaye rana na yi. Ɗauko min takalmana."